Hannun Garba Wanzami

Najaha ba ta kai shekara bakwai ba ta iya gane mahaifinta da hanci. Tun yana zaure, kafin ya yi sallama, ta san ko yau Baba ne ya dawo, ko kuwa wancan mutumin mai tsamin baki da ke sanye da rigar Baba.

Garba wanzami fa ba ƙaramin mutum ba ne a da. Daga Matameye har Dungu da Ɗan Barto, rabin jariran da aka haifa askarsa ce ta sauke musu gashin suna. Mata kan ce jinjiri na barci yake masa aski, ya gama bai farka ba. Ci-rani guda ya yi a Legas, ya dawo da rediyo da shan giya. Rediyon ya mutu, giyar ta zauna.

Haka Najaha ta tashi. A lakwal, wato makarantar boko, yara na tangaɗi a gabanta suna kwaikwayon tafiyarsa. Ita ke tsinto hularsa inda ta faɗi, ita ke ɓoye zabirarsa a bayan randa in ta ji warin, don kada ya yanki wani. Gidajen suna suka daina aikowa. Ta tsane shi, wallahi ta tsane shi, amma ko sau ɗaya ba ta bar shi ya ci tuwo mai sanyi ba.

Da ta yi aure ta dawo gida haihuwa, sai ta ture kunyar ɗan fari gefe, ta roƙi mijinta Hashimu abu ɗaya: a bar Baba ya yi askin suna, ko garin nan ya tuna wane ne shi. Hashimu ya ce, “In zai zo garau, na yarda.”

Ta tari mahaifinta ta ce, “Baba, kwana bakwai kawai nake roƙo.”

Ya sunkuyar da kai. “Ko ɗigo, ƴata.”

Kuma ya cika alkawari, bawan Allah. Ya kulle kansa a ɗaki yana gumi yana amai, in ya ɗan samu sauƙi ya jawo askarsa ya wasa. Abin da shi da ita ba su sani ba, jikin da ya shekara ashirin yana sha, in aka yanke masa lokaci guda, rawa yake yi.

Ranar suna da hantsi ya shigo tsakar gida da farar riga, mata sun cika maƙil. Uwar Hashimu ta riƙe jariri a cinya. Ya jiƙa kan da ruwan sabulu, ya yi bisimilla, ya ɗaga aska. Sai hannun ya kama karkarwa. Ya dafe shi da na hagu, suka kama tare.

“Innalillahi! A buge yake!” Tsohuwar ta fizge jikanta. “Ku kuna kallo zai yanka mana yaro?”

Najaha ta fito daga ɗaki ba ko mayafi. Ta tsaya dab da mahaifinta, ba ta ji komai ba sai ƙamshin sabulu. “Bai sha ba,” ta ce tana kuka. “Na rantse bai sha ba!” To, wa zai yarda da shaidar ƴa?

Garba ya naɗe askar ya ajiye a tabarma. “Ku kira Hamisu wanzami. Ku ba shi wannan, na wasa ta sosai.” Ya fita.

Da la’asar tana zaune da yaron, kansa fes, sai warin ya riga sallamar shigowa. Ya tsaya a bakin ƙofarta, farar rigar duk ƙasa, ya miƙo mata hannunsa na dama. Hannun tsaye yake cak, ko motsi babu.

“Kin gani, ƴata?” ya ce. “Yanzu da zan iya.”