Jelar Zakarana Ta Tafi Kamun Kifi

Na fito da safe zan watsa wa kaji dawa, sai na hango zakarana ya raɓe a gindin bango, jelarsa babu gashi ko ɗaya. Jan zakaran da nake ta kiwo don in kai wa Hajiyarmu a Muciya!

Ashe aikin maigidana ne, Baban Ummi. Tun da ya fara kallon bidiyon Turawa masu kamun kifi a rafukan kan duwatsu, ban sake samun sukuni ba. Wai can lokacin zafi ruwansu garau yake, sai a ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya ya yi kama da ƙwaro, a wurga, kifi ya taso ya cafke.

Shi ne ya fige min zakara, ya saɓi fatsa ya nufi rafin bayan Bomo. A tsakiyar damina fa, ruwa ya yi kauri kamar kunun kanwa!

Sai la'asar ya dawo, taɓo har gwiwa, bokiti wayam.

Na ce, "Baban Ummi, ina kifin?"

Ko a jikinsa ya ce, "Ai na gano matsalar, Maman Ummi. Jan gashi ba ya fitowa a jan ruwa, shi ya sa tarwadar ba ta gani ba. Ina farar kazar nan taki?"

Yanzu haka kajina suna kulle a kicin, makullin yana ƙuguna.

Jama'a, ku ba ni shawara. Da wane ido zan kai wa uwata zakara babu wando?