Matacin Yayanmu da Karan Inna

Yayanmu ya dawo daga cin rani babu ko turmin zane na Inna, sai wani baƙin faifai siriri da ya naɗe cikin rawani kamar jinjiri. Matacin karbon ne, in ji shi. Wai in aka jiƙa karan dawa ya yi tsami aka dafa, barasa ke fita gauraye da ruwa, faifan nan ya janye ruwan, ya bar zallar mai da moto zai sha maimakon esansi, wato fetur. A waya ya gani. Mutumin da ko fitila bai taɓa gyarawa ta kama ba.

Kara kuwa a gidanmu na garin Barmu ɗaya ne, wanda Inna ta ɗauko a ka dami-dami bayan girbi ta jibge bisa rumfa, abincin saniyarta har faɗuwar damina. Ko mahaukaci a Adar ya san ba a taɓa karan rumfa sai bazara ta matsa. Ranar da muka tafi Tawa gaisuwar mutuwa, ni da Inna, Yayanmu ya sauke shi kakaf, ya sassara, ya danna a tanoni, manyan gangunan ƙarfe, ya cika da ruwa.

Da muka dawo, wari ne ya tarbe mu tun daga zaure. Inna ta dubi rumfa, ta dube shi.

"Mi ka yi da karana?"

"Inna, ki yi hanƙuri. Nan gaba kaɗan da man gidanki za a kai ki Tawa."

"Saniyar hwa, mi za ta ci?"

Ya ce ba mu san ci gaba ba.

Busasshen kara ina ya ga zaƙin da zai zama barasa? Ya dafa ruɓaɓɓen abinsa, ya tsiyaya ta kan faifan kamar mai tace koko, ya tara maƙwabta ya kyasta ashana. Ashanar ta mutu. Tusa dai ba ta hura wuta. Ko kunya bai ji ba, ya ce laifin karan Adar ne. Na raina shi ran nan, kuma har yau rainin bai ragu ba.

Saniya ta koma cin kwali da buhun siminti da Inna ke jiƙa mata. Ana saura kaɗan ruwa ya sauka ta kwanta, ta kasa tashi, aka yanka ta kada ta yi mushe. Inna ta shige ɗaki, ta ƙi ko kallon naman. Shi kuwa daga inuwa ya aiko a ajiye masa hanta.