Inna Mai Nono a Duniyar Wata

Ni fa ba da son raina na shiga harkar nan ba. Lokacin ina karen mota a tashar Tudun Wada, makaranta kuwa tun a aji biyu muka rabu lafiya, ba wanda ya yi kewar wani. Taubashina ne, malamin firamare, ya kalli wani fim na mutanen sararin sama a gidan bidiyo, kansa ya ɗau zafi, ya ce sai mun yi namu da Hausa. Na ce ban da ni. Ya ce ai ni ne na farko, tunda da irin kaina ba sai an yi mini kwalliya ba.

Aka aro kyamarar mai ɗaukar biki daga Kiru, muka nufi duwatsun Doguwa, wai nan ne duniyar wata. Ba mai biyan kowa. Tela ya ɗinka riguna da buhun taki don a ga ɗinkinsa, mai gyaran rediyo ya kawo eriya don budurwarsa ta gan shi, ni kuma aka kifa mini ƙwarya mai huji biyu, rana tana gasa ni kamar tsire.

Ƙoren ma wata tsohuwar Bafulatana mai tallar nono ce ta ba mu kyauta, muna ce mata Inna. Kullum sai ta zo ta ce a saka ta a fim ɗin. Na yi ta tsokanarta, ko miji take nema a wata. Ta ce in irina ne a can, ta yafe. Rannan tana dama mini fura ta gaya mini dalili. Autanta ya bi shanu kudu, ya daɗe shiru, ta kuma ji an ce kaset ɗin fim har can Kurmi, ƙasar kudu, yake kaiwa a motocin kaya. So take kawai ya gan ta tsaye da ƙafarta. Masu baki irin nawa, ku riƙa tambayar mutum abin da ya kawo shi kafin ku yi masa dariya.

Na matsa wa taubashina har ya naɗa ta sarauniyar wata, amma ya ce dole a kifa mata ƙwarya. Ta ƙi. Na ce in an rufe ta ni kuwa na cire tawa. Ya hau turanci, wai a ilmance mutanen can ba kamar mu suke ba, fuskarta za ta ɓata masa fim. Mai kyamara yana ta kukan batir zai mutu.

Inna ta gyara ɗankwali, ta tsaya gaban kyamara, ta ce, "Malam, wa ya je watan ya dawo ya ce maka ba su yi kama da ni ba? Kunna abinka, ɗana yana jira."