Tabon da Ke Goshin Yayana

Karatuna bai wuce rani uku ba, a ajin manya da aka buɗe a rumfar cocinmu, a wani ƙauye gefen Zurgu. Amma a lokacin ni kaɗai ne nake iya karanta shafi guda ban tsaya ba, don haka aka ɗora ni a kan wa'azi. Mu biyu mahaifinmu ya bari. Shi ya rasu a kan tsafin kakanninsa, yayana ya musulunta, ni kuma na bi Almasihu. Mun yi shekaru a haka, gandu ɗaya, rumbu ɗaya, ba mai taka wani.

Ɗan akuya ne ya fara ɓata mu. Na yanka shi a sunan ɗana na fari, na aika wa yayana cinya, ya mayar da ita, ya ce a yi haƙuri, ba zai ci yankana ba. A gaban matan gida aka dawo da kwanon. Abin ya zauna mini a ciki.

A daminar nan nake karanta wa jama'a wahayin da ke ƙarshen Littafinmu, mai dabba da kawuna da ƙahoni, da alamar da ake sa wa mabiyanta a hannu ko a goshi. Mutanenmu manoma ne, in ka ce dabba sai su tambaye ka launinta da inda take kiwo. Wata tsohuwa ta ɗaga murya daga ɓangaren mata ta ce, “Malam, ita alamar nan, yaya za mu gane ta in mun gan ta?”

Ya kamata in ce ban sani ba. Maimakon haka na ce, “Ba ku ganin baƙin tabon da ke goshin masu yawan sallah?”

Kowa ya san mai irin wannan tabon a gidanmu. Ga kuma abin da na ɓoye shekara da shekaru: a cikin wahayin nan, bayin Allah ma a goshi ake buga musu hatimi. Na karanta wurin a wannan satin da idona, na tsallake shi, domin bai yi wa fushina daɗi ba.

Ba a daɗe ba aka kira gayyar huɗa a gandunmu. Yayana ya zo da mutanensa da makaɗi, garemani a kafaɗa. 'Yan cocinmu suka ja suka tsaya a bakin gona, suka ce ba za su shiga layi ɗaya da masu alama ba. Yayana ya dube ni ya ce, “Kai ne ka faɗi haka?” Na ce abin da ke rubuce na faɗa. Sai ya juya da mutanensa. Furar da aka dama ta wuni a ƙarƙashin ɗorawa har ta yi tsami. Da kaka muka raba gandu, na dasa bini-da-zugu a kan iyaka, shi kuma ya kwashe iyalinsa ya koma garin Fammar wurin dangin matarsa.

Ban daina ba. Da aka zo zaɓe na ce tawadar yatsa ce alamar. Da aka kawo katin shaida na ce lambarsa ce. Matata ta taɓa ce mini, tana tankaɗe, “Malam, dabbar nan taka ba ta gajiya da ƙaura? Bara tana rumfar zaɓe, bana tana ofis a Rano.” Na harare ta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Bana ɗan yayana, magidanci ne har gemunsa ya soma fari, ya zo a kan mashin. Ya durƙusa ya ce, “Baba, yayanka ya kwanta, ƙafafunsa sun kumbura. Bai aiko ni ba, ni na kawo kaina.”

Ina iya hawa bayansa a ranar in tafi a ɓoye. Amma a bainar jama'a na ɓata mutumin nan, kuma na san halinsa, ba zai karɓi haƙurin da aka kawo masa a sace ba. Na tara dattawan coci na gaya musu ran Lahadi zan janye maganata. Shugabansu ɗalibina ne, ni na koya masa baƙaƙe, shi ya amsa mini.

“Baba, in ka ce wannan kuskure ne, yara za su ce sauran ma kuskure ne. Ka je ka gaishe shi kawai, wa ya hana ka?”

“Ba kuskure na ce ba. Ƙarya na ce.”

“To in ka faɗi haka a gaban mutane, ba za ka sake hawa wurin wa'azi ba. Kujerar gaba ma sai ka bar ta.”

“Kujerar da ni na sassaƙa? Ku ɗauka, da ma tana cin riga.”

Ran Lahadi na miƙe ba a kira ni ba. Na karanta musu wurin alamar dabba, na karanta musu wurin hatimin bayin Allah wanda na tsallake. Na ce wahayin nan an nuna shi ne ga mutanen da ake tsananta wa, don su daure, ba a ba mu shi don mu riƙa leƙen goshin maƙwabta ba. Na ce ma'anar ƙahonin ban sani ba, da ma ban taɓa sani ba, cinyar akuya ce ta yi wa'azi a bakina. Wasu suka yi dariya, wasu suka fita. Wani ya ce tsufa ne ya taɓa ni. Na ce tsufan ya yi kyan kai, da ya zo da wuri. Wanda yake zaton na bar bangaskiyata ya zo ya same ni, Littafina yana nan a jakata, har yau ina karanta wahayin, kuma yana ƙarfafa ni fiye da lokacin da nake zaton na gane shi.

Washegari da hantsi na isa Fammar. Yayana yana kwance a zaure a kan tabarma, ya rame ƙwarai. Na yi sallama, ya saurara, ya ce, “Wa nake ji kamar mai wa'azin dabba? Ka zo ƙirga ƙahonina ne?”

Na durƙusa na ce, “Yaya, na yi maka ƙarya a gaban mutane, na kuma janye ta a gabansu. Ka yafe mini.”

“Labari ya riga ka zuwa. An ce har kujera ka rasa.”

“Na rasa.”

Can ya ce, “Na yafe. Amma 'ya'yana sun girma ba su san hanyar gidanka ba, wannan kam ba ni da yadda zan yi da shi.” Sai ya miƙo hannu ya ce, “Tashe ni zaune, bayana ya gaji. A hankali mana, kai kullum da garaje.”

Ban koma gida ba sai da ya cika, ana yankan gero. Ranar jana'iza na tsaya a bayan sahu har aka idar da sallah, ina jin masu raɗa suna tambayar wane ne wannan tsohon. A maƙabarta wani saurayi ya so ya karɓi fartanyar hannuna, wai in huta. Na ce masa ya matsa, ni ne ƙanin mamacin.