Ƙugiyar Mahauci da Kafaɗar Usta Zaglul

Shekara arba'in da ɗaya Usta Zaglul ya yi a garin Damanhur yana kaɗa akodiyon, akwatin kiɗan nan mai zugazugi a tsakiya da ake ratayawa a ƙirji da maɗauran fata biyu. Da shi ya raka rabin amaren unguwa ɗakin miji. Sai bara kafaɗarsa ta hagu ta sage. Yatsu lafiya lau, amma ya ɗaga hannu ya zura cikin maɗauri, sai dai wani ba shi ba.

Matarsa Fathiyya kaɗai ya gaya wa. Ita ke saka masa kayan a gida tana mita, tana kiransa da alkunya: "Sunkuyo, Abu Ragab. Na gama shirya yara makaranta tuntuni, ga shi an dawo da ni." Haka zai shiga motar haya kamar mai ciki wata tara. Abokan kiɗansa kuwa ya ce musu akodiyon sai ya ji ɗumin jiki yake ba da murya. Yana da dalilin ɓoyewa: a sana'arsu, ranar da usta, wato shugaban makaɗa, ya kasa ɗaukar kayansa, ranar ake yi masa godiya a ɗauko wani. Haka aka yi wa wanda ya gada, a gaban idonsa.

Ranar Juma'ar da ta wuce aka kira su sunan jikan Dahshuri mahauci, a filin bayan shagonsa. Kafin kiɗa aka jera farantan fatta, shinkafa da gurasa, nama ya rufe su ruf. Usta ya koma gefe da akwatinsa a ƙirji, ya ce ya ƙoshi.

"Ka ƙoshi? A gidana?" in ji mahauci. "To, na saki matata in ba ka sauke akwatin nan ka ci ba!"

Matar mahaucin ta leƙo ta taga. "Usta, ka ci don girman Allah! Sau biyu ya riga ya yi wannan rantsuwa a kan baƙi, igiya ɗaya ta rage mana."

Saukewa ba wuya, zamewa kawai zai yi. Ya sauke, ya ci. Can mata suka fara guɗa, ana daka turmin tagulla kusa da kunnen jariri bisa al'adarsu, aka ce makaɗa su tashi.

Usta ya zura hannun dama. Na hagu ya ƙi. Ya karkace, ya cije leɓe, akodiyon ya buɗe ya yi nishi irin na bijimin sa a mayanka.

"Usta, kokawa kuke yi ko rawa?" in ji Sha'aban mai ganga. Gumi ya wanke wa Usta fuska.

Mahauci ya matso yana goge hannu. "Wace kafaɗa ce?"

"Lafiyata ƙalau."

"Haba Usta. Shekara talatin ina duba kafaɗu, ko a cikin fata na san mai ciwo. Ta hagu ce."

Ya ciro ƙugiyar rataye nama, ya wanke ta, ya maƙala a sarƙar bakin ƙofa, ya rataye akodiyon daidai ƙirjin mutum, maɗauran suna reto. "Hannun da ya sage shi ne farko. Kada ka ɗaga, bar shi ƙasa. Yanzu tako gaba, kamar za ka rungumi surukinka. Yawwa!"

Kaya suka zauna daram. Amma Usta bai taɓa ko maɓalli ɗaya ba. Ya juya ya dubi mutanensa.

"To, kun gani. Ku faɗi abin da za ku faɗa."

"Tun bara muka gani," in ji Sha'aban. "Wane mai hankali ne ke shiga banɗaki da akodiyon? Daga waje muna jin ka, duk motsin da ka yi sai ya amsa."

Dariya ta ɓarke har cikin mata.

"Sau biyu wani makaɗi daga garin Mansura ya zo neman wurinka," Sha'aban ya ci gaba. "Muka ce masa kafaɗa ba ta kiɗa, yatsu ke yi. Kaɗa mana, tsoho, jariri zai yi barci."

Usta ya ja zugazugi, matar mahauci ta rangaɗa guɗar da ta fi ta kowa tsawo.

Ƙugiyar tana cikin jakar gangar Sha'aban yanzu, duk inda suka je sai ya nemo mata ƙofa. Da Fathiyya ta ji labari sai ta riƙe haɓa. "Shekara guda ina wahala," ta ce, "ashe maganinka a yi maka yadda ake yi wa rago."