Butar Oga da Akwatin Batir

Ni na kawo shi Abuja, abin da ke tsaya mini a wuya ke nan har yau. Ɗan unguwarmu ne a Zariya, ƙanin abokina, ya gama karatun kwamfuta yana zaman jiran aiki. Na sauke shi a ɗakina da ke Mpape, na nuna masa inda ake tsayawa a samu motar Maitama da safe. Da aka ce ana neman mutum a kamfaninmu, da ƙafata na je na roƙar masa.

Lokacin farar hula sun dawo mulki, kuɗi na yawo a gari, kowane ofis sai sayen kwamfuta yake yi. Wuta kuwa sai ta ga dama take zuwa. Shi ya sa ƙarƙashin kowane tebur akwai UPS, baƙin akwatin batir ɗin nan da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta kafin janareto ya tashi. Kula da su ne aikina. Kullum da safe zan bi ofis-ofis in durƙusa, in taɓa akwatin in ji ko ya yi zafi, in saurari kukansa, in duba fitilunsa. Amma maganar gaskiya, zagayen gaisuwa ne. Hajiya ina kwana, ya mai jiki, Madam ya yara. Ba wanda bai san fuskata ba a ginin nan.

Ofis na ƙarshe shi ne na Oga, a hawa na sama. Manajoji da manyan riguna sai su yi ta zaman jira wurin sakatariya, ni kuwa kaina tsaye nake wucewa, albarkacin akwatin batir. Oga Bakatsine ne, ba ya wasa da shayi. Yana da butar lantarki, kuma a jikin UPS ɗinsa yake jona ta, don soket ɗin bango yana can bayan kabad. A aikinmu babu abin da ya kai wannan muni, buta cinye batir take yi. To amma ni wane ne da zan ce wa mai kamfani ya cire butarsa? Haka aka rene mu, babba ba a gyara masa a idonsa. Idan batir ya mutu in canza shiru. Shi kuma ya zuba mini shayi a wani kofi ruwan ƙasa mai tsagaggen baki, ya tambaye ni ya mutanen Mpape, an gyara muku hanyar kuwa. Ba ni da digiri, ba ni da kowa a sama. Shigar nan da kofin nan su ne duk matsayina a kamfanin, kuma na san haka.

Ƙanin nan nawa bai yi nisa da fara aiki ba ya zo da sabon salo. Ya sa aka sayo wasu ƙananan katuna, ya cusa ɗaya a bayan kowane UPS, ya ja waya ya haɗa su da netwok ɗin ofis. Shi ke nan, duk akwatunan ginin suka bayyana a fuskar kwamfutarsa. Mai lafiya kore, mai ciwo ja. Yana zaune yana kaɗa ƙafa zai gaya maka wanda batirinsa ya tsufa da wanda aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinsa. Idan an ɗauke wuta ma har saƙo suke turo masa a salula.

Mutane suka riƙa taruwa a bayansa kamar masu kallon ƙwallo. Madam ta sashen kuɗi, wadda na yi shekaru ina durƙusawa ƙarƙashin teburinta, ta dafa kafaɗata ta ce da gurguwar Hausarta, "Wannan ƙanenka ta iya aiki, wallahi." Na ce Allah Ya ƙara basira. A cikina kuwa wuta ce ke ci. Kishi ne, ba wani suna da zan sa masa. A mota yana yi mini bayani da murna, Yaya ka ga kaza, Yaya gobe zan ƙara kaza, ni kuwa ina kallon duwatsun Mpape ta taga ina cewa uhm.

Ranar da aka ce ya nuna aikinsa a mitin, ya haska komai a bango. Kore, kore, kore, sai guda ɗaya ja. Oga ya tambaya na wane ne wancan.

"Ranka ya daɗe, naka ne," in ji shi. "Kullum da safe ana jona masa wani abu mai jan wuta sosai. Ina zaton buta ce."

Na sunkuyar da kai don kada a ga bakina. Na ce a raina, madalla, yau ilimi ya kai ka ya baro. A gaban manajoji ka tona wa Oga asiri? Har na fara shirya yadda zan hau gobe in ba da haƙuri a madadinsa, in ce yaro ne, bai san manya ba.

Sai Oga ya fashe da dariya, har da buga tebur. Ya ce, "Ashe ni ke kashe batiran nan. Shekara da shekaru, an rasa wanda zai gaya mini." Ya waiga ya dubi mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya bi ta kaina ya wuce, bai ko tsaya ba. Da ma ya tsaya ya zage ni da ya fi mini. Sannan ya ce da ƙanin nawa, "Gobe ka hawo ka nuna mini inda zan riƙa jona ta."

Washegari na hau kamar kullum. Sakatariya ta ɗaga hannu ta ce in ɗan jira, Oga yana da baƙo. Ƙofar ba ta gama rufuwa ba. Na hango ƙanin nan nawa zaune a kujerar da ban taɓa zama a kai ba, ya riƙe kofin nan ruwan ƙasa da hannu biyu yana hurawa. Na juya na sauko.

Abin haushin, bai taɓa yi mini rashin kunya ba. Da ya yi, da na samu inda zan sauke fushina. Yaya yake ce mini har bayan da ya zama shugaban sashenmu. Kuma shi a ganinsa hutar da ni ya yi. Kullum da safe zan iske shi gaban kwamfutarsa, ya gaishe ni da ladabi, ya dubi layin korayen nan ya ce, "Yaya, yi zamanka. Na ofishin Oga lafiyarsa ƙalau, ba sai ka hau ba."