Ashafa Mai Taron Safe

Duk wanda ya san Ashafa a Dutsin-Ma ya san mutum ne mai son abu ya tafi daidai. Ɗan tela ne, a shagon mahaifinsa ya koyi cewa ɗinki in ya karkace farke shi ake yi. Ya yi karatun kwamfuta, ya taɓa aiki a Abuja, sannan ya dawo gida ya buɗe ɗan kamfaninsa a bayan kasuwa. Mutum biyar ne a ƙarƙashinsa, suna rubuta manhajar da masu kyamis ke lura da magungunansu ta waya. Aikin yana ci. Sai dai ya taho da wata doka daga Abuja da ya riƙe kamar farilla: kowace safiya kowa ya shigo taro ta bidiyo, kyamara a kunne, ya faɗi abin da ya yi jiya da abin da ya cije masa. Ba ya karɓar uzuri. A wurinsa, wanda ba a ga fuskarsa ba barci yake.

Wanda ya fi kowa iya aikin shi ne Sabitu, magidanci mai 'ya'ya biyu, da ya koma ƙauyensu Rawayau don kula da mahaifinsa, Malam Hudu. Kullum ya shigo taro sai a ga sararin sama a bayansa, iska na kaɗa masa riga. Abokan aiki na tsokanarsa wai ofishinsa ya fi na kowa iska, Ashafa ma ya sha yin dariya. Amma bai taɓa tambayarsa inda yake zama ba, shi da ba ya barin ɗan kuskure ya wuce masa a aiki.

Ashe a unguwar su Sabitu ba a samun sabis ɗin waya sai an hau wani dutse a bayan gari, mai kallon daji. To a shekarun nan da ɓarayin daji suka hana kowa sakat, mutum ya riƙa hawa dutse kowace safiya, abu toshe a kunne, yana magana rabi Hausa rabi Turanci, ai ba sai an gaya maka abin da jama'a za su zata ba. Infoma, mai kai wa ɓarayi rahoto. In wannan suna ya manne wa mutum, sau da yawa ba a jiran alƙali.

Wata safiya da damina, Sabitu na cikin bayanin wani gyara, Ashafa ya hango mutane suna hawowa ta bayansa da gorori da bindigogin toka. Ya buɗe baki zai ce masa ya waiga, sai ga su a kansa. Hoton ya juya, aka ga sama, aka ga ƙafafu, sai ɗif.

Tsoro ya kama Ashafa irin wanda bai taɓa ji ba. Da ƙyar ya iya zura makullin mota. Hanyar Kurfi da ya daɗe yana gudu ita ya hau zuwa Rawayau, bakinsa bai daina salati ba, duk babur ɗin da ya ɓullo daga gona sai ya zaci ɓarayi ne. A Kurfi ya ajiye motar ya hau acaɓa saboda caɓi.

Ya tarar da Sabitu zaune a ƙasa a ƙofar gidan mai unguwa, hannu ɗaure ta baya, leɓe a fashe. Malam Hudu na tsaye ya dogara sanda. Shugaban 'yan sintiri, Lado, wanda aka kashe wa ƙane a gona bara, shi ya tare shi.

"Kai kuma wane ne?"

"Ni ne maigidansa a wurin aiki."

"To kai yake ba rahoto ke nan."

Jama'a suka matso. Da Ashafa zai ce bai san Sabitu na hawa dutse ba, gaskiya ya faɗa, kuma ƙila ta fisshe shi. Ya dubi tsohon nan mai sanda.

"Ni yake ba wa," ya ce. "Ni na tilasta masa. Na ce ranar da ban ga fuskarsa ba ya bar aiki. Harkar magani muke yi. Ku aika Kurfi a kira Alhaji Rilwanu mai kyamis, da abinmu yake aiki, shi zai gaya muku."

Mai unguwa ne ya yi gyaran murya.

"Wanga namu ne, mun san ubanai, mun san kakanai. Kai ne ba mu sani ba. A kwance shi. Kai ko ka zamna har Alhaji ya iso."

Aka kwance Sabitu, Malam Hudu ya riƙe masa hannu gam. Sabitu ya waigo zai yi magana, Ashafa ya girgiza masa kai. Wani ya ta da babur ya nufi Kurfi, ga hadari ya haɗo ta gabas, ba wanda ya san ko hanyar za ta biyu. Ashafa ya zauna inda Sabitu ya tashi, ya mayar da hannayensa baya. Igiyar har yanzu da ɗuminta.